Muhawara: yaya mai gida zai bibiyi gininsa a Kumasi alhali ba ya kusa?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Tambayar da ta fi yawa a zauren nan ita ce ta 'yan uwanmu da ke gini a Kenyasi, Abuakwa, Pankrono da wajen Ejisu, alhali su suna Ankara (Accra) ko Turai ko Saudiyya. Ana tura musu hoto, su ga bango ya tashi, su tura kuɗi ta waya, wato MoMo. To hoton bango ya isa shaida? Magina, injiniyoyi, kafintoci da masu sayar da kaya, muna roƙon ku yi bayani dalla-dalla. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ambaci sunan wani magini ko wani shago da aibu.

Injiniyan Tafo: Wa alaikumus salam Malam. Hoton bango bai isa ba, don bango shi ne abin da ya fi sauƙin gyarawa a gida. Abin da ke kashe gini shi ne abin da ake binnewa: ƙasan rami, rodin da ke cikin kankare, ledar ƙarƙashin daɓe, bututun da ke cikin bango. Da zarar an zuba kankare a kai, babu idon da zai sake ganinsu. Saboda haka mai gida ya kafa doka tun ranar farko, cewa ba a rufe komai sai an nuna masa shi a buɗe, da tef ɗin awo a jikinsa. Hoton da babu tef a ciki ado ne kawai.

Amma kafin rami ma akwai takarda. Yawancin filayen Kumasi na masarauta ne, takardar da sarkin gari ya ba ka mafari ce kawai, sai an bi ta ofishin filaye na Asantehene a Manhyia, sannan Lands Commission. A ɗauko safiyo mai lasisi ya nuna duwatsun iyaka huɗu kafin a kafa igiya. Sai izinin gini daga asambilin yankinka, ko KMA ta birnin Kumasi ko Asokore Mampong ko wadda filin ya faɗa cikinta. Duk mun san jan fentin da ake rubutawa a bango a ce a dakatar da aiki.

Tsohon Magini na Aboabo: Injiniya ya faɗi gaskiya. Ni zan fara daga igiya. In an fitar da fasalin gida a ƙasa, a auna kowace kusurwa da uku-huɗu-biyar: ƙafa 3 a wannan gefe, ƙafa 4 a wancan, tsakaninsu dole ya ba da ƙafa 5. Sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren, awon biyu su zo daidai. In an yi sakaci a nan, ba za a gane ba sai ranar sa tayil, a ga layi yana gudu daga bango, sai kuma kafinta ya zo yana faɗa da rufi.

Zurfin rami ba shi da lamba ɗaya. Ana tona har a wuce baƙar ƙasar sama a tarar da jar ƙasa mai tauri. A tudu za a iya samunta a ƙafa 2 ko 3. A kwari, kusa da rafin Aboabo ko Sisa ko Wiwi, wani wurin ma tsohon juji ne aka cike, nan ba aikin magini kaɗai ba ne, sai injiniya ya duba ƙasar. Kankaren tushe na gida mai hawa ɗaya kaurinsa inci 9, faɗinsa ya ninka kaurin bango sau uku. In ruwan sama ya kwanta a rami, a kwashe ruwan, a kankare laka, sannan a zuba. Zuba kankare a kan laka asarar siminti ce.

Ɗan Sawaba: Baba, game da tsayin daɓe fa? Gidaje da yawa a unguwanninmu yanzu sai ka sauka matakala kafin ka shiga ɗaki.

Tsohon Magini na Aboabo: Ɗana, wannan sakamakon auna daɓe da hanyar yau ne. Ranar da za a zo yin kwalta da kwalbati, hanya za ta hau, gida ya koma rami. A ɗaga daɓe aƙalla ƙafa 2 sama da hanya, a kwari ma fiye. Cikon kuma shi ne inda ake yawan ha'inci. Tifa ta juye marmara, leburori su baje ta lokaci ɗaya, a yayyafa ruwa a ce an gama. Ba haka ake yi ba. Inci 6 ake zubawa, a jiƙa, a daddale da inji, a ƙara wani inci 6. In ba haka ba, bayan damina biyu daɓe zai zauna, tayil ya fashe, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Bayan ciko a fesa maganin gara, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan ɗaya da inci 6 ko fiye, sannan kankaren daɓe inci 4 zuwa 6. Mai gida ya nemi bidiyon ledar a shimfiɗe. Rashinta ne ke sa gindin bango ya riƙa jiƙa yana fitar da farin gishiri, fenti yana ɓarewa kowace shekara.

Hajiya Mai Siminti, Asawase: Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren lissafi zan shigo, don wanda ke nesa da lissafi zai kama gaskiya. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma kwanon leburori biyu yake cikawa. In an ce haɗin 1:2:4, ma'anarsa buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Kankare mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana cin buhu 6 zuwa 6 da rabi. Buhu ɗaya na jera bulo kimanin 50 zuwa 60. Bango mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi yana cin bulo 10. Filasta kuma, buhu ɗaya na rufe wajen murabba'in mita 10. Da waɗannan huɗun kaɗai za ka zauna a duk inda kake ka san ko buhu 40 da aka ce sun ƙare sun shiga bango ko sun bi wata hanya. A ce a ajiye buhunan da aka zazzage, a ƙirga su kowace Juma'a a bidiyo.

Kuma don Allah a daina sayen siminti da yawa a jibge. Wanda ya wuce wata uku ƙarfinsa ya ragu, a damshin Kumasi ma bai kai haka ba yake fara dunƙulewa. A ɗora shi kan katako, nesa da bango, kada a jera fiye da buhu 10. Rodi da bulo ana iya tarawa, siminti kuwa sai aikinsa ya zo.

Ɗan Sawaba: Hajiya, wanne ya fi, GHACEM, Dangote ko Diamond?

Hajiya Mai Siminti, Asawase: Ƙanena, lambar ƙarfin siminti da ke jikin buhu za ka fara dubawa kafin suna. Akwai 32.5 akwai 42.5. Na jera bulo da filasta 32.5 ya wadatar. Ginshiƙi, bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) da dakin (shimfiɗar kankaren bene), 42.5.

Tsohon Magini na Aboabo: Hajiya, a nan ban bi ki duka ba. Gida mai hawa ɗaya 32.5 na riƙe ginshiƙinsa lafiya in haɗin ya cika. Matsalar ita ce mutane sun ɗauka 42.5 lasisi ne na ƙara yashi. A ce ai mai ƙarfi ne, a kai yashi kwano 6, tsakuwa 10. An ɓata kuɗi kuma an ɓata kankare.

Injiniyan Tafo: Ku biyun kuna da gaskiya, amma in bene ne ina bayan Hajiya. Sai dai akwai abin da ya fi lambar buhu ɓarna, shi ne ruwa. Buhu ɗaya bai kamata ya sha fiye da galan ɗin Kufuor mai lita 25 ba, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Leburori na son kankare ya yi ruwa kamar koko don ya yi sauƙin ɗauka da bajewa. Ruwan da ya yi yawa in ya bushe ƙananan ramuka yake bari, ƙarfin ya tafi. Mai kallon bidiyo ya lura: in an juye kwano kankaren ya malale da kansa, ruwa ya yi yawa. Ya kamata ya tsaya a tsibi sai an taɓa shi.

Yashi kuma a gwada shi a kwalba. A zuba yashi tsawon santimita 10, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Lakar za ta kwanta a sama. In ta doshi santimita 1, wannan yashin ba na kankare ba ne, kuma filastarsa za ta tsattsage.

Mai Buga Bulo, Kenyasi: Tunda an zo kan bulo. Na inci 5 da na inci 6 cikakku su muka fi amfani da su a nan. Na tushe a sa inci 6. Ingancin bulo yana ga yawan da aka fitar daga buhu ɗaya da kuma ban ruwa. Bulo 25 zuwa 30 a buhu, an ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, wannan bulo ne. Wanda aka fitar da 45 ko 50 a buhu, aka loda a mota kwana biyu da bugawa, kafin a sauke kusurwoyinsa sun zube. Gwajinsa ba wuya: a murza gefensa da babban yatsa, in yashi na zuba a bar shi. A ɗaga ɗaya daidai ƙirji a sake shi a ƙasa mai tauri, mai kyau ba zai wargaje ba. Araha ba ta ado, bulon araha a wurin filasta yake karɓar kuɗinsa.

Tsohon Magini na Aboabo: A wurin jeri, kada a wuce layi 5 ko 6 a rana, na ƙasa bai kama ba nauyi zai tura shi. Gaɓar bulon sama kada ta hau kan gaɓar na ƙasa. Gindin taga yana zuwa a layi na 4, lintal, wato kankaren saman ƙofa da taga, a layi na 9. Ni ra'ayina lintal ya zagaye gidan duka kamar ɗamara, ba guntu-guntu a kan ƙofa da taga ba. Yana ƙara rodi da siminti, amma shi ke hana tsagewar nan da ke tashi daga kusurwar taga ta nufi sama. A nemi hoton igiya mai nauyi a rataye a kowace kusurwa don a ga bango a miƙe yake, da kuma awon tiyon ruwa a kan lintal.

Mai Ɗaurin Rodi: Salam. Ga inda na fi so 'yan uwa su buɗe ido. A kasuwa akwai rodin da bai cika ba. Akwai mai kaurin milimita 11.5 da ake miƙa wa wanda ya ce 12, akwai 14 da ake sakawa a gurbin 16. A hoto ba za ka bambance ba. A yanki mita ɗaya a ɗora a sikeli: na 10 ya ba da kilo 0.62, na 12 kilo 0.89, na 16 kilo 1.58. Wanda ya sa 14 a wurin 16 ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfen ginshiƙin, ba milimita biyu kawai ba.

Abin da za a nuna wa mai gida kafin a rufe akwatin katako: yawan rodin kowane ginshiƙi da kaurinsa kamar yadda zane ya ce. Tazarar zobban da ke ɗaure rodin, galibi inci 6 zuwa 8, amma kusa da mahaɗar ginshiƙi da bim a matse su zuwa inci 4. Inda rodi biyu suka haɗu, su hau juna aƙalla ninki 40 zuwa 50 na kaurin rodin, wato na 16 ya kai santimita 65 zuwa 80. Sai ɗan dutsen siminti da ake ɗaurawa tsakanin rodi da katako, wanda muke kira biskit, inci 1 a ginshiƙi da bim, inci 2 a tushe. In babu shi rodi zai kwanta a jikin katako, iska da damshi su same shi, ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

Injiniyan Tafo: Allah ya saka da alheri. In ƙara da baranda mai leƙowa waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Rodinta a sama yake aiki, ba a ƙasa ba, kuma dole ya shiga cikin dakin da nisa. Ranar zubi leburori na tattaka shi ya koma ƙasa in ba a sa masa kujerun ƙarfe ba. Irin wannan baranda tana iya faɗuwa ranar da aka cire tokara, ko ranar biki da mutane suka taru a kanta. Wannan wuri ɗaya ya isa dalilin biyan injiniya ya zo ya tsaya.

Ranar dakin, a yi lissafi tun da wuri. Dakin mita 10 da mita 12, kauri inci 6, kankare mita 18 ke nan, wajen buhu 110 zuwa 120 ban da bim. In an ce maka buhu 70 sun gama shi, ko kauri ya ragu ko haɗi ya lalace. A tanadi injin haɗi, injin girgiza kankare, ruwa da man inji kafin a fara, a gama zubi a yini ɗaya. In dole a tsaya, injiniya ne zai nuna inda za a yanke. Washegari a fara ban ruwa, a yi ɗan bakin siminti a gefe ruwa ya kwanta a kai, kwana 7 mafi ƙaranci. Kankare sai kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa.

Kafintan Sokoban: Katakon gefen ginshiƙi da bim ana iya cirewa bayan kwana biyu. Tokarar ƙarƙashin dakin kuwa kwana 21 muke bari. Masu haya gora da katakon wawa (sunan wani itace ne mai taushi) kan matsa a cire da wuri don wani aiki na jira, mai gida kada ya yarda. Kuma ranar da aka cire, a ɗauki hoto kafin magini ya taɓa. In akwai ramuka kamar saƙar zuma, ko rodi a waje, a gani tukuna. Sau da yawa ana shafe su da siminti tun kafin kowa ya iso.

Ɗan Sawaba: Yaya, kwana 21 bai yi yawa ba? Wasu na cewa 14 ya isa.

Injiniyan Tafo: Ƙaramin ɗaki da aka zuba da 42.5R, wato mai saurin yin ƙarfi, aka ba shi ruwa sosai, 14 na iya isa. Falo mai faɗi, dogon bim da baranda, 21 ko fiye. Tunda mai gida ba ya wurin balle ya tabbatar da haɗin, ya tsaya a 21. Kuma kada a jibge bulo a tsakiyar sabon dakin.

Mai Famfo da Waya, Asokore Mampong: Namu aikin ma binne shi ake yi. Bututun waya da na ruwa a sa su kafin zubi da kafin filasta, ba a zo daga baya ana sassaƙe ginshiƙi ba. Sare ginshiƙi ko bim don bututu ya wuce haramun ne a wannan sana'a. Kafin filasta a toshe bakin bututun ruwa, a cika su, a bar su kwana ɗaya a matse, a zagaya a duba kowace gaɓa. Bututun bayan gida mai inci 4 ya gangara santimita 2 da rabi a kowace mita. In ya kwanta zai toshe, in ya yi tsaye da yawa ruwa zai gudu ya bar ƙazanta. Ramin masai ya yi nisan mita 30 da rijiya ko borhol, naka da na maƙwabci.

Kaurin waya, a murabba'in milimita: 1.5 ta fitila, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki da hita, 6 ta murhun lantarki. A yanka a ga jan ƙarfe ne har ciki. A ɗauki mai waya da ke da shaidar Energy Commission, don takardarsa kamfanin wuta na ECG ke nema kafin mita. A ɗauki hoton kowane bango da bututunsa kafin a shafe, a ajiye, ranar da za a kafa ƙusa za a gode.

Malamin Makaranta, Tafo Zango: Ƙarin tunatarwa ga mai famfo: alƙibla daga Kumasi gabas ce da karkata zuwa arewa. A daidaita zaman masai tun a zane don kada ya fuskance ta ko ya ba ta baya, domin bayan an binne bututu juyawa sai da fasa daɓe. Wurin alwala ma a fitar masa da magudana tun lokacin.

Kafintan Sokoban: Rufi. Katakon wawa na akwatin kankare ne, kada ya hau rufi, gara da ƙwaro za su cinye shi. A nemi mai tauri irin dahoma, busasshe, a shafe shi da magani ta kowane gefe kafin a ɗora, har bakin da aka yanka. Katakon da ke kwance a kan bango a ɗaure shi da rodin da aka dasa cikin kankare, ba ƙusa kaɗai ba. Iskar farkon damina, wajen Maris da Afrilu, rufin da ba a ɗaure ba take ɗagawa gaba ɗaya. Kwanon aluzinc kada ya gaza kaurin milimita 0.4, a auna kaurin a gaban wakilinka. Kwararon da rufi biyu ke haɗuwa nan ne yoyo ke farawa, a faɗaɗa kwanonsa. Kada a kafa silin sai an ga ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan rufin sau ɗaya ko biyu.

Tsohon Magini na Aboabo: Filasta a lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, tana bushewa kafin ta kama. A jiƙa bango kafin a shafa, a ci gaba da yayyafa ruwa kwana uku zuwa bakwai. Kauri rabin inci. In ka ga magini na neman inci ɗaya da rabi a wani wuri, bangon ne ya karkace yake ɓoyewa. Fenti ya jira wata guda.

Hajiya Mai Siminti, Asawase: Batun biya fa, Alhaji Shugaba, kada a tashi ba a taɓa shi ba. A raba aikin gida-gida a rubuce: tushe zuwa daɓe, daɓe zuwa lintal, lintal zuwa dakin ko rufi, sannan filasta da sauran ƙarasawa. Kowane mataki da kuɗin aikinsa da jerin kayansa. Ba a sakin kuɗin na gaba sai wanda ke duba aiki ya ce na baya ya yi. Mai sayen kaya daban, mai gini daban, mai dubawa daban. In mutum ɗaya ya haɗa ukun, ko ɗan uwanka ne ciki ɗaya, an ɗora masa abin da zai jawo zargi ya ɓata zumunci.

Tsohon Magini na Aboabo: Na yarda, amma a faɗi ɗaya gefen. Mai gida ma ya biya a kan lokaci. In an gama mataki kuɗi ya yi sati uku bai zo ba, leburori sun watse, magini ya kama wani aiki, rodin da aka bari a buɗe yana shan ruwa. Haƙƙin ma'aikaci a ba shi kafin guminsa ya bushe.

Injiniyan Tafo: Haka ne Baba. A rubuta duka biyun a yarjejeniya, da shaidu biyu: kwana nawa bayan dubawa kuɗi zai shigo, da kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin aiki da za a riƙe har damina ɗaya ta wuce a kan gidan. Wanda kuɗinsa ba zai kai rufi a bana ba, ya tsaya a daɓe ko a lintal. Rodin ginshiƙin da ya leƙo sama a shafe shi da ruwan siminti, a toshe bakin bututu duka, a kwashe katako daga filin saboda gara, a kuma sa wanda zai riƙa share ciyawa yana duba duwatsun iyaka.